Itatuwan da nake reno a tukunya suna neman haɗa ni da maigidana

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, babban yana da shekara 6, ƙaramar kuma shekara 3. Muna zaune a gidan haya wanda tsakar gidansa ba ta wuce mita 3 da mita 4 ba, kuma duk an daɓe ta da siminti. Na tashi a gida mai itatuwa, mahaifiyata ce take kula da su, kuma akwai wani lemun tsami da ta shuka da hannunta wanda har yau yana nan a gidanmu. Bayan rasuwarta, shekara 3 da suka wuce, na shuka 'ya'yan wannan lemu a bokiti. Daga nan na ƙara mangwaro biyu, da gwanda, da fulawa iri-iri, har bokitai suka kai 9. Na zuba tsakuwa a gindin kowane bokiti kamar yadda aka ce mini, na cika shi da ƙasar da na samo, kuma safe da yamma ina ba su ruwa. Duk da haka mangwaron sun mutu, gwandar ta ruɓe, buganbiliyata sai ganye babu fure, lemun kuma ya yi ƙaya, ganyensa ya koma rawaya, bai taɓa yin ko huda ba. Maigidana ya ce ina ɓarnar kuɗi, na tara sauro, na cinye wa yara wurin wasa, kuma ya ba ni zuwa ƙarshen wata in fitar da su duka. Mamallakin gidan ya yi ƙorafin cewa simintinsa ya yi tabo, maƙwabciyata ma ta ce ruwa yana bi ta ƙarƙashin katanga zuwa wajenta. Wata ƙawata ta ce hannuna ne ba ya karɓar shuka. Idan na jefar da lemun nan, ji nake kamar na sake rasa mahaifiyata. Me zan yi?

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya kai haske kabarinta, Ya ba ki haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da na fara lura da shi shi ne cewa bokitai 9 kika ambata, amma ɗaya ne kawai ya sa ki kuka. Ki riƙe wannan a ranki, domin da shi za mu warware sauran. Maganar ƙawarki kuwa ki ajiye ta gefe. Duk abin da ya sami shukokinki yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, kuma yawancinsa daga yawan kulawa ya zo, wanda shi ne kuskuren da ya fi sauƙin gyarawa.

Zan fara da maigidanki, domin idan ba a sami fahimta da shi ba, duk shawarar da zan ba ki a kan ƙasa da taki ba za ta yi amfani ba. Na san wa'adin da ya ba ki ya yi miki zafi, musamman idan bai san abin da lemun nan yake nufi a wurinki ba, kuma ina kyautata zaton bai sani ba, don sau da yawa mutum yakan ɗauka cewa wanda yake kwana da tashi da shi yana ganin abin da ke zuciyarsa. Amma ki duba ƙorafinsa da idon basira. Tsakar gidanku murabba'in mita 12 ne kacal, kuma bokitai 9 da rassansu sun isa su cinye kusan duk inda yaro zai yi gudu. Batun sauro ma gaskiya ne: idan ruwa ya kwanta a faranti ko a ƙarƙashin bokiti a lokacin zafi, ƙwan sauro yana iya zama babban sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Ga kuma ƙayar lemu a daidai tsayin idon yarinya 'yar shekara 3. Uban da ya ga waɗannan ya yi magana yana kan hakkinsa, ko da yadda ya faɗe ta bai yi daɗi ba.

Na mamallakin gida da maƙwabciya ya fi sauƙi, don matsalarsu ɗaya ce, wato ruwan da yake malala daga bokitanki. Idan kika rage yawan ban ruwa, kika ɗora kowace tukunya a kan bulo ko 'yan katakai, kika sa faranti a ƙarƙashi kina zubar da abin da ya taru, tabon siminti zai tsaya, ruwa kuma ba zai sake kai wa katanga ba. Ki je da kanki ki ba maƙwabciyar haƙuri, ki gaya mata abin da kika gyara. Kada ki fasa siminti ko ki kafa ƙusa a bango sai da iznin mai gidan.

Yanzu ga abin da ya kashe mangwaro da gwanda. Bishiyar da ke cikin ƙasa tana da inda za ta tura saiwoyinta su nemo ruwa da abinci, kuma idan ruwa ya yi yawa ƙasa tana shanye shi ta wuce da shi can ƙarƙashi. Ta cikin tukunya ba ta da wannan dama ko kaɗan, duk rayuwarta tana hannunki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan aka jiƙa ƙasa safe da yamma ba tare da an bar ta ta sha iska ba, ruwa yakan cike waɗannan ƙofofi, ƙananan saiwoyi su shaƙe su ruɓe. Bishiyar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, sai ganyenta ya yi yaushi ya koma rawaya tamkar mai jin ƙishi, mai ita kuma ta ga haka ta ƙara mata ruwa. Ina da yaƙinin wannan ne ya faru da ke. Gwanda ma ta fi kowa rashin haƙuri da ruwan da ya kwanta, kwana kaɗan ya isa gindinta ya yi laushi ya faɗi.

Tsakuwar da aka ce ki zuba a gindin bokiti tsohuwar shawara ce da ta yaɗu ko'ina, amma tana ƙara matsalar ne. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka jiƙaƙƙen wurin da ya kamata ya kasance can ƙasan bokiti sai ya hauro zuwa inda saiwoyi suke, ga kuma wurin da tsakuwar ta cinye. Abin da tukunya take buƙata shi ne huda masu faɗi, kamar huɗu zuwa shida waɗanda yatsa zai shiga, a gindinta sosai, a rufe su da ɗan guntun raga don kada ƙasa ta zube. Ba ki faɗi ko kin huda bokitanki ba. Idan ba ki huda ba, ki yi hakan yau kafin komai.

Ita ma ƙasar da kika samo, idan mai laka ce, takan danƙare a tukunya kamar tubali. Ki haɗa ƙasar tukunyarki da kanki: kashi ɗaya ƙasa mai kyau ta sama, kashi ɗaya takin gargajiya da ya ruɓe sarai har ya daina wari da zafi, kashi ɗaya kuma abin da zai buɗe ƙasar, kamar yashi mai kaushi, ko ɓuntun shinkafa, ko dakakken ɓawon itace, ko 'yan gutsattsarin gawayi. Ki guji ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, don yana ƙone saiwa. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ki jiƙa shi ki dunƙula a hannu, idan ya haɗu amma ya wargaje da kin taɓa shi da yatsa, ya yi daidai. Ban ruwa kuma daga yau ki daina bin agogo. Ki tura yatsarki cikin ƙasa kamar santimita 5, idan kin ji danshi ki bari sai gobe, idan ya bushe ki zuba a hankali har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan ki zubar da na faranti bayan kamar rabin sa'a. A tsananin zafi wannan yana iya zama kullum, a lokacin sanyi ko damina kuma tukunya takan yi kwanaki ba ta nemi komai ba.

Bokitin fenti ya yi wa bishiya kaɗan idan ta fara girma. Ƙaramar bishiyar 'ya'yan itace tana buƙatar mazubi mai ɗaukar lita 40 zuwa 60, faɗin bakinsa kamar santimita 45 zuwa 60, amma kada ki ɗauki ɗan tsiro ki jefa shi a babbar tukunya kai tsaye, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan riƙe ruwa ta yi tsami. A hankali ake yi masa ƙarin girma, duk lokacin da saiwoyi suka cika wurin. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa amma tana saurin bushewa, ta roba tana riƙe danshi kuma ba ta da nauyi, sai dai baƙar roba a kan siminti a tsakar rana tana ɗaukar zafin da zai dafa saiwoyin da ke jikin bangonta. Idan ita kika samu, ki shafa mata farin fenti ko ki naɗe ta da buhu. Rabin ganga ma yana aiki, muddin kin tabbatar ba a taɓa zuba guba ko man inji a ciki ba. Ki tuna da nauyi kuma: tukunya mai lita 50 da jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya kai kilo 60 ko fiye, saboda haka ki zaɓi mazauninta kafin ki cika ta, ko ki sa a yi miki ɗan katako mai tayoyi, wanda zai ba ki damar matsar da ita idan yara suna son fili ko za a yi shara.

Kafin ki sayi ko da tsiro ɗaya, ki ba tsakar gidanki yini guda kina kallonta. Ki duba da ƙarfe 8, da 10, da 12, da 2, da 4, ki lura da inda rana take sauka da tsawon lokacin da take yi a wurin, domin katanga a ƙaramin fili tana tare haske fiye da yadda ake zato. Bishiyar da ake son ta yi 'ya'ya tana buƙatar rana kai tsaye ta sa'a 6 zuwa 8 a yini. Idan kusurwa ɗaya ce kawai take samun haka, to wurin bishiya ɗaya ko biyu kike da shi, kuma babu takin da zai maye gurbin rana.

Shawarata ita ce ki sauko daga 9 zuwa 3: lemun Mama, da bishiyar 'ya'ya guda ɗaya da za ki saya, da mai fure guda ɗaya. Na san rabuwa da sauran zai yi miki wuya, amma uku masu lafiya za su cika miki ido fiye da tara masu jinya. Wadda za ki saya ta kasance mai aure, wato wadda aka ɗaura reshen bishiya mai haihuwa a kan gindin wata. Irin wannan takan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3, kuma idan gindin na gajeren iri ne ba za ta yi tsawon da zai fi ƙarfin tukunya ba. Za ki ga wurin auren kamar ɗan kumburi ko lanƙwasa a ƙasan kara. Ki tabbata yana sama da ƙasa idan kin dasa, kuma duk tohon da ya fito daga ƙarƙashinsa ki cire shi da wuri, don na gindin ne, idan aka bar shi zai rinjayi na sama.

Cikin itatuwan da suka fi yarda da zaman tukunya, dangin lemu ne a gaba, kuma bishiya ɗaya tana iya haihuwa ita kaɗai ba tare da wata a kusa ba. Akwai wani iri da ake kira Meyer, wanda wani ma'aikacin hukumar noma ta Amurka mai suna Frank Meyer ya kai ƙasarsu daga Sin a 1908, kuma can ma a tukwane ya tarar ana renonsa a gidaje. Rumman na biye, kuma da ni ce ke shi zan zaɓa, tunda kina da lemu: yana jure zafi da ƙarancin ruwa, furensa ja ne mai kyau, don haka kin sami fure da 'ya'ya a tukunya ɗaya, sai dai wasu irinsa suna da 'yar ƙaya da za ki riƙa datsewa. Ɓauren lambu, wanda ake ci, yana son a ɗan takura saiwarsa, kuma yawancin irin da ake sayarwa suna yin 'ya'ya ba tare da wani taimako ba. Gwaiba ma tana karɓar aski sosai, tana haihuwa a kan sababbin rassa. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo kuwa babbar bishiya ce mai doguwar saiwa, bokiti ba wurinta ba ne. Akwai gajerun iri, kamar Amrapali da aka fitar a Indiya a 1971, amma ko su suna son babban mazubi da hannun da ya ƙware, don haka ki bar mangwaro sai nan gaba. Tuffa ma kada ta ruɗe ki idan inda kike babu sanyi sosai, domin yawancin irinta sai sun sha dogon sanyi kafin su yi huda.

Buganbiliyarki lafiyarta ƙalau, gata ne ya yi mata yawa. Shuka ce da ta fito daga Kudancin Amurka, kuma ba ta ƙawata kanta sai ta sami rana mai ƙarfi, ta ɗan ji ƙishi, saiwarta kuma ta cika tukunya. Yawan ruwa da takin da ke sa ganye su ne suke hana ta fure. Ki kai ta inda rana ta fi zafi, ki bar ƙasarta ta bushe har ganyen ya fara ɗan sunkuyawa kafin ki ba ta ruwa, cikin 'yan makonni za ki ga canji. Tana da ƙaya, don haka ki ɗaure rassanta su hau sama, nesa da hannun yara. A nan dole in ja kunnenki a kan wasu furanni da ake yawan sayarwa saboda kyansu. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, ruwan jikinta guba ne. Oliyanda ma dukkan jikinta guba ne, daga ganye har fure, kuma farin ruwan firanjifani yana ƙona fata da ido. Gidan da ke da yarinya mai kai komai baki bai kamata ya ajiye su ba. Idan ƙamshi kike so, yasmin tana yin kyau a tukunya, haka ma lalle, wanda ƙananan furanninsa suke da ƙamshi mai daɗi idan aka bar shi ya girma.

Kada ki ɗauka zaman tukunya wulaƙanci ne ga bishiya. A fadar Versailles ta Faransa, an gina wa Sarki Louis na 14 wani katafaren ɗakin ajiye itatuwan lemu tsakanin 1684 da 1686, kuma har yau ana renon itatuwa fiye da 1,000 a akwatuna a wurin, ana shigar da su ciki lokacin sanyi a fito da su idan gari ya yi ɗumi, wasunsu sun haura shekara 200. A lambun Kew da ke Landan akwai wata shuka mai kama da dabino da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, kuma tun daga lokacin a mazubi take zaune. Abin da ya raya su shi ne abin da zan faɗa miki yanzu, wato ciyarwa a kan kari da sabunta ƙasa.

Duk ban ruwa yana wanke wani abu daga abincin da ke cikin tukunya, shi ya sa bishiyar tukunya take buƙatar taki kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, a lokacin da take toho. Idan takin zamani ne, ki bi abin da aka rubuta a jikinsa, gara ma ki rage a kan ki ƙara, ki barbaɗa shi nesa da kara, kuma kada ki zuba shi a busasshiyar ƙasa. Ganye yana faɗin abin da ke damunsa: idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka koma rawaya gaba ɗaya, yawanci sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci, idan kuma sababbin ganye ne suka yi rawaya jijiyoyinsu suka rage kore, sinadarin ƙarfe ne bishiyar ta kasa sha, abin da jiƙaƙƙiyar ƙasa take yawan jawo wa lemu. Idan kin ga farin gishiri a saman ƙasa ko a bakin tukunya, ki kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke shi ya fita. Kowace shekara ki kwashe kamar santimita 5 na ƙasar sama ki zuba sabuwa, bayan shekara 2 ko 3 kuma ki zare bishiyar gaba ɗaya, ki datse saiwoyin da suka naɗe kamar gammo, kada ki wuce kashi ɗaya cikin huɗu, ki mayar da ita da sabon haɗi. Ki riƙa duba bayan ganye duk mako. Idan kin ga tururuwa suna hawa da sauka, ko ganye ya yi danƙo da baƙi-baƙi, akwai darɓa ko wasu fararen ƙwari masu kama da auduga da suke tsotsar ruwansa. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya, a fesa da yamma, yakan isa, kuma ya fi dacewa da wurin da yara suke wasa.

Tun da fili ne matsalarku, ki koya wa itatuwan tsayuwa a jikin bango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ki kafa sanduna a cikin tukunyar, ki ɗaure rassa masu laushi su baje hagu da dama kamar mafici, ki datse waɗanda suka nufo tsakiyar fili. Tukwane uku a jere a gefe ɗaya ba za su ci fiye da kamar santimita 60 daga bango ba, sauran wurin na yara ne. Idan sabuwar bishiyar ta yi 'ya'ya a shekarar farko, ki daure ki cire mafi yawansu, domin ƙarfinta ya tafi ga saiwa da rassa.

Na bar lemun Mama a ƙarshe saboda shi ne zuciyar wasiƙarki. Rashin hudarsa ba alamar ciwo ba ne. Lemun da aka shuka daga ƙwaya yana da shekarun ƙuruciya da sai ya wuce su kafin ya haihu, wani shekara 4 ko 5, wani har kusan 10, kuma yawan ƙaya na cikin alamun wannan ƙuruciya. Yawan datse kansa yana ƙara jinkirta shi, don haka ki bar shi ya yi tsawo, ki tsinke bakin ƙayoyin da ke ƙasa kawai da almakashi, hakan ba ya cutar da shi. Ki zare shi daga bokitin ki duba saiwarsa: mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa kuma tana da ƙwari, ruɓaɓɓiya kuma baƙa ce mai laushi da wari. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki dasa shi a sabon haɗi, ki ajiye shi a inuwa mai haske na mako 2 kafin ki mayar da shi rana, kuma kada ki ba shi taki sai ya fitar da sabon toho.

Amma akwai abin da ya fi wannan, tunda kin ce uwar bishiyar tana raye. Za ki iya samun ita kanta, ta hanyar sa reshenta ya yi saiwa tun yana jikinta. Ki zaɓi lafiyayyen reshe mai kaurin yatsa wanda ya taɓa yin 'ya'ya, ki zagaye shi da wuƙa a wuri biyu masu tazarar santimita 2 zuwa 3, ki ɓare ɓawon da ke tsakani, ki kankare santsin da ke kan itacen don kada ya sake haɗewa. Ki dunƙula ƙasa mai danshi haɗe da ruɓaɓɓen taki a kan wurin, ki naɗe da leda, ki ɗaure sama da ƙasa, ki rufe da takarda ko tsumma saboda rana. Lokacin da bishiya take toho ne ya fi dacewa, kuma cikin mako 6 zuwa 10 za ki ga fararen saiwoyi ta cikin ledar. Sai ki yanke reshen daga ƙarƙashin dunƙulen, ki rage masa ganye, ki dasa a ƙaramar tukunya a inuwa har ya kama. Ki yi wa rassa 3 haka, don ba duka suke kamawa ba, kuma ki nemi yardar waɗanda suke gidan yanzu. Da yake reshen ya riga ya balaga, yakan yi huda cikin shekara 1 ko 2, kuma 'ya'yansa su ne ainihin waɗanda kika sha a hannun Mama. Idan tsakaninki da gidan akwai iyakar ƙasa, ki bincika dokar shigo da tsirrai tukuna, domin ƙasashe da yawa suna hana ɗaukar dangin lemu saboda cututtuka.

Da wannan za ki je wa maigidanki, tun kafin wa'adin ya cika, a lokacin da hankalinsa yake kwance kuma yara sun yi barci. Ki fara da amincewa cewa ya yi gaskiya a kan sauro da fili da ƙaya, ki nuna masa cewa kin riga kin fitar da matattun bokitai kuma kin ba da sauran ga masu so, domin gani ya kori ji. Sannan ki gaya masa labarin lemun kamar yadda kika gaya mini, da kalmomin da kika rufe wasiƙarki da su. Ki roƙe shi wata 6 na gwaji da tukwane 3 a gefe guda, ku yanka abin da za a kashe a kansu wanda ba za ki wuce ba, ki kuma ɗauki alkawarin cewa ba zai sake ganin ruwa a kwance ba. Ki ba babban yaron aikin gwada ƙasa da yatsa kowace safiya, don ya san cewa bishiyar kakarsa ce. Idan maigidan ya ce uku sun yi yawa, ki karɓi ɗaya, ta lemun, kada ki mayar da abin gardama. Idan kuma ya tsaya a kan cewa ko ɗaya ba ya so a yanzu, kada ki jefar da ita: ki kai ta riƙo wurin 'yar'uwa ko aminiya mai fili, ki riƙa zuwa kina duba ta, ki kuma ɗaura rassan nan a jikin uwar bishiyar idan lokacin toho ya zo, domin su yi saiwa su jira ranar da za ku sake zama a kan maganar ko ku koma gida mai faɗi. Ki rubuto mini idan lemun ya fitar da sabon ganye, ina son in ji.